Yadda ake mai da ruwan teku ruwan sha a biranen gaɓar Bahar Maliya

Jidda da Bur Sudan suna gaɓa biyu na Bahar Maliya, kuma dukansu ruwan saman da suke samu a shekara bai cika kai milimita 100 ba. Jidda ta daɗe da jingina da teku. Tun 1907 aka kafa mata tukunyar dafa ruwan teku da mutanen garin ke kira Kindasa, yau kuma ruwan da alhazai ke alwala da shi a Makka galibinsa daga matatun gaɓar nan yake zuwa, musamman ta Shu'aiba da ke kudu da Jidda. Bur Sudan kuwa da ruwan kwarin Khor Arba'at ta dogara, shi ya sa da madatsar Arba'at ta ɓalle a watan Agustan 2024 birnin ya rasa babbar hanyar ruwansa dare ɗaya.

Hanya biyu ake bi a raba ruwa da gishiri. Ta farko dafawa ce: a tafasa ruwan teku, a tara tururinsa ya koma ruwa. Tana jure ruwa mai datti, amma cin makamashinta ya sa sai mai tashar lantarki a gefe da mai mai arha ke iya ta. Ta biyu ita ce RO, wato a matsa ruwan teku da ƙarfi ta cikin wani siririn tantani da ke barin ruwa ya wuce ya tare gishiri. Kusan duk sabuwar matatar da ake ginawa yanzu RO ce, har a Saudiyya, kuma a kanta za mu tsaya. Wanda ya taɓa shiga masana'antar fiya wata ya ga ƙaramarta, sai dai ruwan burtsatse matsin bar 10 zuwa 15 ya ishe shi (bar shi ne ma'aunin ƙarfin matsi), na Bahar Maliya kuwa sai an kai 60 zuwa 70.

Tantanin kansa shi ne mai sauƙin sha'ani a duk aikin. A kwali ake sayensa, kamfanoni da dama na yin sa, girmansa kuma kusan ɗaya ne ko'ina. Abin da ke kashe matata shi ne irin ruwan da aka kai wa tantanin, da wutar da ke ɗaukewa, da kuɗin magunguna da ba a tanada ba.

Lissafi kafin a taɓa ƙasa

A ɗauki unguwanni masu mutum 200,000, kowa lita 50 a rana, gwargwadon sha da girki da wanka da wanki ba tare da wadaƙa ba. Kubik mita 10,000 ke nan a rana, kusan 417 a awa, kowace kubik mita kuma lita 1,000 ce. Wannan shi ne abin da zai fita daga matata. Idan bututan gari tsofaffi ne masu yoyo, a auna abin da ke ɓacewa a ƙara a kai, ko ma a fara gyara su, domin ruwan da aka kashe wa wuta haka bai kamata ya tsiyaye cikin ƙasa ba.

Yawancin tekunan duniya na ɗauke da gishiri giram 35 a lita. Bahar Maliya ta kai 40, saboda rana na ƙafar da ita kuma babu wani babban kogi da ke zuba a cikinta. Ruwan sha kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya na ganin mai ƙasa da miligiram 600 a lita yana da daɗin sha, idan ya haura 1,000 mutane kan fara ƙin sa.

Ba duk ruwan da ya shiga injin ke zama ruwan sha ba. A teku mai gishiri irin wannan, kashi 40 cikin 100 shi ne lissafin da ba ya wahalar da tantani. Saboda haka a samu 10,000 sai an tura 25,000, ragowar 15,000 su koma teku da gishirin da ya kai giram 67 a lita. A ƙara abin wanke matatun yashi, bakin ɗibar ruwa ya iya ɗaukar kusan 27,000 a rana.

Tantani guda, mai kaurin inci 8 da tsawon inci 40, yana da faɗin tacewa na murabba'in mita 37. A tsara kowace murabba'in mita ta ba da lita 14 a awa. Mai sayarwa zai iya nuna cewa tana ba da fiye, amma duk abin da aka ƙara yana saurin toshe tantanin gaba. Da wannan lissafi ana bukatar tantani kusan 805, ana jera bakwai-bakwai a cikin dogon bututu guda, bututai 115 ke nan. Kada a haɗe su a layi ɗaya. A raba su layi huɗu masu ba da 2,500 kowanne, a ƙara na biyar na ko-ta-kwana, yadda wanke layi ɗaya ba zai hana gari ruwa ba.

Wuta: a ƙaddara kilowat-awa 4 ga kowace kubik mita, tun daga ɗibar ruwa har tankin ajiya. Megawat 1.7 ke nan dare da rana. Idan da janareta za a yi, kowace kubik mita za ta ci kusan lita ɗaya ta man dizal, sama da lita 10,000 kullum. Wanda bai san inda wannan wuta za ta fito ba bai shirya ginin matata ba tukuna. A kuma duba tudun da za a haura da ruwan: kowace mita 100 na ƙara kusan kilowat-awa 0.35, shi ya sa ruwan da ake turawa Ɗa'if, da ke kan dutse kusan mita 1,800, haurar da shi ta fi tace shi cin wuta.

Inda za a ɗebi ruwan

A shafe shekara guda cur ana ɗibar samfur a wurin da aka zaɓa, domin teku na sauyawa da yanayi. A auna gishiri, zafi, gurɓacewa, ɓurɓushin mai, sinadarin boron, da yawan gansakuka. Samfurin wata ɗaya ya sha yaudarar masu zane.

Matata ƙarama ko matsakaiciya ta fara gwada rijiyoyin bakin teku. Yashi da dutsen gaɓa na tace ruwan kafin ya iso famfo, sai aikin tacewar farko ya ragu ƙwarai. Matatar garin Sur a Oman da rijiyoyi irin waɗannan take ɗiba. Amma a haƙa ta gwaji a yi ta zuƙa na makonni, domin rijiyar da ke kusa da gari kan jawo ruwan masai da na kwata, wata kuma ta zo da sinadarin ƙarfe.

Idan daga cikin teku kai tsaye za a ɗiba, a kai bakin bututun inda zurfi ya kai mita 8 zuwa 10, a ɗaga shi mita biyu ko uku daga ƙasan teku don kada ya zuƙi yashi. A faɗaɗa bakin yadda gudun ruwan da ke shiga ba zai wuce mita 0.15 a daƙiƙa ba, kifi ya iya kuɓuta. A nisanta shi daga tashar jiragen ruwa, da inda kwatar gari ke zuba, da bakin kwarin da ke kawo laka idan an yi ambaliya, da kuma inda matatar kanta ke mayar da ruwan gishirinta. Ɓurɓushin mai babban abokin gaba ne: ko miligiram 0.1 a lita ya wuce abin da tantani ke ɗauka. A garin da tankokin mai ke shiga da fita, a sa na'urar jin mai a bakin bututu, a kuma ba ma'aikacin dare ikon tsayar da ɗiba ba sai ya nemi izinin kowa ba.

Tacewar farko

Nan ne ake cin riba ko a yi asara. Ruwa na fara ratsa raga mai manyan ƙofofi, sannan mai ƙofar milimita 2 zuwa 3. Daga nan a zuba maganin da ke dunƙule datti. Ferik kulorayid ake amfani da shi maimakon alif ɗin da aka saba da shi a matatun kogi, saboda ya fi aiki a ruwan teku, ragowar alif kuma na manne wa tantani. Miligiram 1 zuwa 3 a lita ya kan isa, kusan kilo 54 a rana a misalinmu idan aka tsaya kan 2. Ainihin adadin, gwajin kwalabe ne ke nuna shi, kuma a maimaita gwajin duk lokacin da launin teku ya sauya. Idan maganin ya yi yawa yakan ratsa matatar yashi, a gan shi ja-ja a kan filta ta gaba.

Matatar yashi hawa biyu ce, gawayin antirasait a sama, lallausan yashi a ƙasa, ruwa na sauka da gudun mita 8 zuwa 12 a awa. Ana wanke ta da iska da ruwa daga ƙasa zuwa sama kowane kwana ɗaya ko biyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne mayar da ita aiki nan take bayan wanki. Ruwan farko da ke fita daga sabuwar wankakkiyar matata shi ne mafi datti. A zubar da shi har sai gwaji ya nuna ya daidaita.

Gwajin kuwa shi ne SDI, mai nuna saurin da dattin ruwa ke toshe abin tacewa, kuma duk ma'aikaci ya iya shi da hannunsa. A tura ruwan ta takardar tacewa mai ƙofar maikiron 0.45 (maikiron ɗaya bisa dubu na milimita ne) da matsin bar 2.1. A ɗauki lokacin da mililita 500 na farko suka ɗauka, a bar ruwan ya ci gaba da zuba minti 15, a sake ɗaukar lokacin wasu 500. A raba na farko da na biyu, a cire amsar daga ɗaya, a ninka da 100, a raba da 15. Idan na farko daƙiƙa 30 ne na biyu 50, amsa 2.7 ce. Masu ƙera tantani na karɓar har 5, amma matatar da ke son tantaninta ya daɗe ta tsaya ƙasa da 3. A yi gwajin a kowane canjin aiki, a kuma adana takardun da kwanan wata, domin launinsu na magana: ja mai duhu maganin dunƙulewa ne ya wuce, kore ko ruwan ɗorawa gansakuka ce.

Akwai lokacin da gansakukar teku ke yaɗuwa har ruwa ya rine. A 2008 zuwa 2009 irin wannan ta tilasta wa matatu a Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tsayawa, domin matatun yashinsu na toshewa cikin 'yan awoyi. Maganinta tanki ne da ake busa ƙananan kumfan iska daga ƙasa, su ɗago gansakuka da mai sama a kwashe. Yana da tsada, kuma watanni kan wuce ba a kunna shi ba, amma idan binciken shekarar nan ya nuna gansakuka, a gina shi. Matatar Tamfa Be a Amurka, da aka buɗe a 2003, raunin tacewar farko ne ya sa ta shekaru tana gyara kafin ta yi cikakken aiki.

Mataki na ƙarshe filta ce mai ƙofar maikiron 5. Mai gadi ce kawai. Idan ana sauya ta duk mako maimakon bayan watanni, a koma a duba matatar yashi.

Sai batun kulorin, wanda ke da fuska biyu. Ana bukatarsa a bakin bututu don hana ƙumba da sauran halittu masu ɓawo yin gida a ciki. Amma tantanin da aka fi amfani da shi, na foliyamaid, ba ya jure fiye da miligiram 0.1 a lita, kuma ɓarnar da kulorin ya yi ba ta gyaruwa. Saboda haka kafin ruwa ya isa babban famfon da ke matsa shi cikin tantani ana kashe kulorin da maganin da ake kira SMBS, miligiram 3 ga kowane miligiram ɗaya na kulorin. A sa famfunan zuba shi biyu, a haɗa na'urar jin kulorin da makunnin babban famfo yadda da zarar ta ji shi injin zai tsaya da kansa. Wani abin da ba kowa ya sani ba: zuba kulorin kullum na farfasa dattin teku ya zama abincin ƙwayoyin cuta, su kuma da zarar an kashe kulorin sai su hayayyafa a kan tantani su yi masa yauƙi. Shi ya sa matatu da yawa suka koma zuba shi lokaci-lokaci. Wasu matatun Jidda sun bi wata hanya dabam, suka zaɓi tantani na selulos mai jure ɗan kulorin. Kafin babban famfo kuma a zuba maganin hana alli daskarewa, miligiram 1 zuwa 3 a lita.

Ɗakin matsi

Ragowar ruwan gishiri na fita daga tantani da kusan duk matsin da ya shiga da shi. Sakinsa haka asarar wuta ce. Na'urar maido da matsi na karɓarsa ta miƙa wa sabon ruwan da ke shigowa, kuma na zamani na maido da sama da kashi 95 cikin 100. Da ita, babban famfo kusan ruwan da za a sha kaɗai yake turawa, sauran kuma ƙaramin famfo ya cike masa 'yan bar ɗin da suka rage. Ba don ita ba, cin wuta kan kusa ninkawa.

Bututan ɓangaren matsi su zama na ƙarfen da ake kira sufa-dufles. Ƙarfe mara tsatsa na yau da kullum, mai lamba 316, ruwan teku mai ɗumi kan huda shi, musamman wajen walda da inda ruwa ke kwana. Ɓangaren da ba matsi a yi shi da roba mai kauri ko faiba.

Wajen tayarwa, a fara korar iska da ruwa mara matsi, sannan a ɗaga matsin a hankali, kada ya wuce bar 0.7 a daƙiƙa. Kada a taɓa rufe bawul ɗin tataccen ruwa injin na aiki: idan matsin ɓangarensa ya ɗara na ruwan teku da bar 0.3 kawai, tantani na ɓanɓarewa daga baya.

Ruwan da ya fito bai zama na famfo ba tukuna

Tataccen ruwan RO ba shi da alli, yana da ɗan tsami, kuma mayunwaci ne: duk abin da ya taɓa sai ya ci. Idan aka sake shi haka cikin tsofaffin bututai, zai narkar da tsatsar da ta kwanta shekaru, gidaje su ga jan ruwa, ya kuma zaizaye siminti. A gauraya masa iskar kabon, a ratsa shi ta tankin tsakuwar dutsen farar ƙasa har allinsa ya kai miligiram 80 zuwa 120 a lita, ma'aunin tsami na pH ya zauna tsakanin 8 da 8.5. Sannan a sa kulorin yadda famfon da ya fi nisa zai samu aƙalla miligiram 0.2 a lita. Inda za a gauraya shi da ruwan rijiya ko na dam, a yi haɗin a tanki guda, kada unguwa ta samu wannan yau gobe ta samu wancan.

Boron na ruwan teku kusan miligiram 4.5 ne a lita, kuma ya fi gishiri iya ratsa tantani, musamman da zafi. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a 2.4, wanda tacewa ɗaya ke cimmawa. Zagaye na biyu sai idan dokar ƙasa ta fi haka tsauri, ko za a yi ban ruwan lemo, wanda boron ke ƙona wa ganye.

Ragowar ruwan gishiri kuwa, a misalinmu tan 1,000 na gishiri ne ke komawa teku kullum. Ya fi ruwan teku nauyi, saboda haka idan aka sake shi a bakin gaɓa sai ya nutse ya shimfiɗu a ƙasa, ya kashe ciyawar teku da murjanin da masunta ke rayuwa a kansu. A kai shi can ciki inda igiya ke tafiya, a fitar da shi ta ƙananan bakuna da yawa masu fesawa sama a karkace, kusan digiri 60, ya gauraya kafin ya sauko. Lakar wankin matatar yashi a tsane ta a kai juji, ruwan wankin tantani kuma a daidaita tsaminsa kafin a zubar.

Karanta injin da wanke shi

Kowane canjin aiki a rubuta matsin shiga da na fita, yawan tataccen ruwa, gishirinsa, da zafin ruwan teku. Zafi na da muhimmanci domin kowane digiri ɗaya na ƙara ruwan da ke fita da kusan kashi 3 cikin 100, ya kuma ƙara gishirin da ke ratsawa. Sai an daidaita lambobin da zafi sannan a kwatanta su da na makon farko, in ba haka ba bazara za ta ɓoye toshewa.

A wanke layi idan ruwan da yake bayarwa ya ragu da kashi 10, ko gishirin da ke ratsawa ya ƙaru da 5 zuwa 10, ko bambancin matsin shiga da fita ya ƙaru da 10 zuwa 15. Wanda ya jira har abin ya kai 30, wanki ba zai dawo masa da tantaninsa ba. Toshewa a tantanin gaba yauƙi ne ko laka, a na baya kuma alli ne. Idan ruwa da gishiri suka ƙaru tare, kulorin ne ya ci tantani. Idan gishiri ya yi tsalle a bututu ɗaya tak, a fara zargin zoben robar haɗi kafin a zargi tantani. A fara wanki da kostik soda a pH 11 zuwa 12, da ɗumin digiri 30 zuwa 35, a ɗauraye, sannan asid ɗin sitirik kashi 2 cikin 100. Fara wa yauƙi da asid na ƙara ƙanƙame shi.

Ɗaukewar wuta ita ce jarrabawar garuruwa irin Bur Sudan. Idan injin ya tsaya ba shiri, kakkauran ruwan gishiri na kwana a kan tantani, alli ya daskare. A ajiye tankin tataccen ruwa a sama, ko famfon ɗauraya mai nasa janareta, a kore gishirin cikin mintuna kaɗan. Idan tsayuwar za ta wuce awa 48, a cika bututan da ruwan SMBS kashi 1 cikin 100. Tantanin da ya bushe ya tashi aiki. A kuma gina tankin ajiyar gari da zai riƙe aƙalla kwana ɗaya.

Manyan matatun ƙasashen Larabawa sun sauko da farashi ƙasa da rabin dala a kubik mita, amma ƙarama kamar ta misalinmu a sa ran dala ɗaya ko fiye, wuta kuma na cin sulusi zuwa rabin kuɗin. Tantani kan yi shekara 5 zuwa 7, don haka a ware kuɗin sauya wani kaso kowace shekara, a kuma riƙe magungunan wata uku a sito, tunda kusan dukansu da kuɗin waje ake shigo da su. Matatar Teshi-Nunguwa a Akara, mai ba da kubik mita 60,000 a rana, an buɗe ta a 2015, aka tsayar da ita a farkon 2018 saboda abin da hukumar ruwa ke biya ya zarce abin da take karɓa daga masu amfani da ruwan. Kafin a sa hannu a kwangila a rubuta ƙarara wa zai biya wuta, da wane kuɗi za a biya mai matata idan darajar kuɗin gida ta faɗi, nawa za a biya a ranar da gari bai karɓi ruwa ba, da kuma wanda zai cike giɓin da ke tsakanin ainihin farashi da abin da talaka zai iya biya.